Shin ya dace a huda fitilun gaba da na baya domin sanya fitilar gaggawa a motar ɗaukar marasa lafiya?

Tambaya: Ƙungiyar ci gaban garinmu ta haɗa kuɗi ta sayi mota Toyota Hiace, ƙirar da ake kira Homa, domin kai marasa lafiya da mata masu naƙuda babban asibiti. Wani mai gyaran wayar mota ya ba mu shawarar a huda fitilun gaba da na baya a cusa ƙananan fitilu masu walƙiya a cikinsu, ya ce sun fi kyan gani, kuma sun fi doguwar fitilar saman rufi araha. Shin wannan shawara daidai ce, kuma yaya ake yin aikin ba tare da an lalata fitilun ba?

Amsa: Malam, Allah ya saka wa ƙungiyarku da alheri a kan wannan hidima. Aikin da aka ba ku shawara a kansa yana yiwuwa, kuma an daɗe ana yin sa a motocin 'yan sanda da na kwana-kwana a ƙasashe da dama, amma ban yarda a ce ya maye gurbin fitilar saman rufi ba. Fitilar da ake ɓoyewa a cikin fitilar gaba ko danja, wato fitilar baya, ƙari ce a kan babbar fitila. An ƙirƙiro ta ne tun asali domin motocin jami'an da ba a son a gane su har sai sun kunna ta, alhali motar asibiti so ake a gane ta tun daga nesa, ta gaba da ta baya da ta gefe. Saboda haka idan kuɗin hannunku na abu ɗaya ne kawai, ku sayi ta saman rufi. Idan kuma da hali, to akwai wurin da ɓoyayyar fitila take da amfani sosai a Hiace, wato a baya, akwai kuma wurin da amfaninta bai kai hasarar da take jawowa ba, wato a gaba.

Kafin a taɓa injin huda, maganar doka ce a gaba. A Najeriya, Dokokin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na shekarar 2012, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC ke aiki da su, sun taƙaita amfani da jiniya da fitila mai walƙiya ga wasu manyan masu riƙe da muƙamai ƙalilan, sai kuma motocin jami'an tsaro da na kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya a lokacin da suke kan aikin gaggawa. Rundunar 'yan sanda ma ta sha fitar da sanarwar hana masu motocin kansu sanya irin waɗannan kaya. Dalilin bai tsaya ga kare martabar hukuma ba, domin ɓata-gari suna iya fakewa da fitilar su tsayar da matafiya da dare, kuma idan kowa ya sanya ta, direbobi za su daina ba ta hanya. Don haka ku tabbata an yi wa motar rajista a matsayin motar ɗaukar marasa lafiya, an rubuta hakan a jikinta ƙarara, kuma kun je ofishin FRSC ko na VIO da ke kusa da ku kun tambayi launin da aka amince muku da shi. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta ware shuɗi ga motocin da ake kauce wa a ba su hanya, ta ware ruwan goro, wato launin sigina, ga motocin da kawai ake son a lura da su, kamar janwe da masu gyaran titi da masu ɗaukar kaya masu faɗi. A Ingila shuɗi ne na gaggawa, kore na likitoci, a Amurka kuwa kowace jiha da nata tsarin. Wannan ya sa kayan da aka shigo da su daga waje suke zuwa da launuka iri-iri, kuma samun abu a kasuwa ba ya nufin an halatta wa kowa shi.

Abin da ake sayarwa da sunan ɓoyayyar fitila iri biyu ne, sai hanya ta uku da ba ta buƙatar huda. Na farko shi ne tsohon yayi, ƙaramin bututun gilashi mai iskar zenon wanda akwati na musamman ke harba masa wuta mai ƙarfin ɗaruruwan volt. Yana da haske ƙwarai, amma yana zafi har ya iya narkar da roba idan ya matso kusa da ita, akwatinsa yana riƙe wuta ko bayan an kashe shi har ya iya jan mai gyara, kuma yakan sa ƙara a rediyon sadarwa. Ban ba ku shawararsa ba, balle a motar da za a riƙa ɗaukar tukunyar iskar oksijin. Na biyu shi ne na LED, wanda girman kansa bai wuce kan babban yatsa ba, yana aiki kai tsaye da volt 12 na mota, kuma mafi yawansu ba sa cin fiye da amp 1 kowanne. Kamfanonin Amurka irin su Whelen da Federal Signal da SoundOff Signal da Code 3 sun yi suna a wannan fanni, kuma da yawa daga cikin kayan ana zaunar da su ne a rami mai faɗin inci 1, wato kimanin milimita 25. Idan kun ga an rubuta SAE J595 ko ECE R65 a jikin fitila ko takardarta, to alama ce ta cewa an auna haskenta da saurin walƙiyarta bisa ƙa'idar Amurka ko ta Turai, sai dai a sani cewa masu jabu ma sun iya buga rubutu a kwali.

Hanya ta uku ita ce ƙaramin akwati da ake haɗawa da wayar doguwar fitila, ya riƙa kunna ta dama ya kashe ta hagu, sannan ya juya. Da rana wannan dabara tana jan hankalin direban da ke gaba ta madubinsa fiye da duk wata ɓoyayyar fitila, domin tana amfani da ƙwan fitilar motar na asali wanda ke zaune daidai inda aka tsara masa. Mafi yawan Hiace irin taku suna da ƙwai na halojin H4 mai wat 60 da 55, kuma shi yana jure wannan kunnawa da kashewa, ko da yake tana rage masa kwana. Amma akwai sharuɗɗa. Ba a yin ta a kan fitilar HID, wato mai farin haske da ke aiki da iskar zenon, wadda ke buƙatar fiye da volt 20,000 a duk lokacin da za ta tashi, domin na'urar tayar da ita za ta mutu da wuri. Sannan motocin Toyota da yawa, musamman na da, ta ɓangaren wayar bodi makunninsu ke yanke wutar fitilar gaba, ba ta ɓangaren wayar wuta ba, don haka dole mai gyara ya auna da mita ya sayo akwatin da ya dace da tsarin. Kuma da dare wajibi ne walƙiyar ta tsaya da zarar direba ya kunna fitilar tafiya, in ba haka ba zai riƙa kashe wa masu tahowa ido, shi ma hanya ta riƙa ɓace masa.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da huda fitilar gaba. Kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwan fitila an lissafa lanƙwasarsa ne domin ya tattara hasken da ke fitowa daga wuri guda tak, wato inda zaren ƙwan yake, ya tura shi kan titi. Duk fitilar da aka cusa ta gefe ba ta kan wannan wuri, saboda haka haskenta watsewa yake yi, ya cika kwanon da launi idan an tsaya kusa, amma bai cika yin nisa ba. A cikin gareji da yamma abin yana burge mai kallo, sai dai a tsakar rana a kan babbar hanya da ƙyar direban da ke nesa zai lura da shi. Da dare kuma, idan aka kunna fitilar tafiya mai wat 55 a cikin kwano ɗaya da ita, farin hasken yakan shanye walƙiyar kusan gaba ɗaya. Ga shi an cire wani yanki na kwanon, an kuma kafa wani abu a kan hanyar haske, wanda kan iya jefa inuwa a kan titi ko ya watsa haske sama zuwa idon masu tahowa. Idan fitilar irin mai ƙwallon gilashi ce a gaba, lamarin ya fi muni, domin akwai ƙarfen da ke tare haske a cikinta, kuma abin da aka dasa a wajen ƙwallon ba ya bi ta cikinsa.

Sai maganar zafi da ruwa da ƙura, wadda a ƙasarmu ta fi komai saurin kashe irin wannan aiki. Gilashin ƙwan halojin yana kai ɗaruruwan digiri idan ya daɗe a kunne, LED kuwa zafi ne babban abokin gabarsa, haskensa raguwa yake yi kuma ya mutu kafin lokacinsa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, fitilar da aka dasa dab da ƙwan halojin tana cikin tanda ne. Fitilar mota kuma rufaffiya ce, da 'yan ƙananan kafofin shan iska da aka tsara mata ta yadda ruwa ba zai shiga ba. Idan aka buɗe mata sabon rami ba a toshe shi da kyau ba, da damina ruwa zai shiga ta riƙa gumi daga ciki, da hunturu kuma ƙurar hazo ta kwanta a kan kwanon. Ƙyallin kwanon wani siririn shafe ne na alminiyam da ba ya jure goga, duk wanda ya sa ƙyalle ya share shi zai ga ya dushe nan take. A ƙarshe sai a wayi gari motar da za ta yi tafiyar dare da mai naƙuda ta rasa rabin hasken ganin hanyarta. A ganina wannan hasara ce da ba ta da dalili, tunda ana iya ɗaura fitilun LED guda biyu masu faɗi a ragar gaban motar ko a kan bamba da kusoshi biyu-biyu, su ba da hasken da ya fi na ɓoyayyar nisa, ba tare da an taɓa fitilar gaba ba. Idan har kun dage sai an huda, to a huda ɗakin fitilar fakin da ke gefe, a bar babban kwanon.

A baya kuwa hukuncina ya bambanta, kuma dalilin yana cikin ƙirar motar. Ƙofar bayan Hiace sama take ɗagawa. A daidai lokacin da aka tsaya a bakin titi aka buɗe ta domin shigar da gadon mara lafiya, ƙofar takan tare fitilar saman rufi daga idon wanda ke tahowa ta baya, duk fitilar da aka ɗaura a jikin ƙofar kuma ta koma kallon sama. Danja ce kaɗai ke zama a inda take, domin a jikin motar take, a gefen ƙofar dama da hagu. Wannan shi ne lokacin da mutanenku suke tsaye a bayan mota sun juya wa titi baya, kuma shi ne lokacin da suka fi buƙatar a gan su. Saboda haka ɓoyayyun fitilu biyu a cikin danja suna da aikin da wata fitila ba za ta yi ba.

Zaɓen ɗakin da za a sa su a ciki shi ne inda aka fi yin kuskure. Danja tana da ɗakuna uku: ja na birki, ruwan goro na sigina, da fari na ribas. Robar da ke da launi tacewa take yi, tana barin launinta ya wuce ta tare sauran. Idan aka sa shuɗin LED a bayan jar roba, kusan babu abin da zai fito, idan aka sa fari kuma, kaso mai yawa na haskensa zai mutu a ciki, abin da ya fito ya zama ja mai rauni. Ƙa'idar ita ce ja a bayan ja, ruwan goro a bayan ruwan goro, kowane launi kuma yana fita ta farar roba. Amma ko an dace da launi, akwai matsala ta biyu. Jan haske mai walƙiya a cikin ɗakin birki yana ɓoye wa na baya lokacin da direba ya taka birki, kuma motar asibiti mai gudu takan taka birki ba zato. Haka nan walƙiya a ɗakin sigina tana hana a gane ko motar za ta karya dama ko hagu. Shi ya sa na fi son ɗakin ribas, a sa masa LED ruwan goro ko ja, gwargwadon abin da hukuma ta amince, amma ban da fari, domin farin haske mai walƙiya ta baya yana kashe ido, kuma yana sa a zaci motar baya take yi. Idan ɗakin ribas ya yi ƙanƙanta har ya zama dole a shiga na birki, to a haɗa rile, wato makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa, da wayar birki ta yadda da zarar an taka birki walƙiyar za ta ɗauke. Wannan ba abin sasantawa ba ne, kada ku karɓi motar sai kun gwada kun gani da idonku.

Shi aikin hudar yana son natsuwa fiye da ƙarfi. A kwance danjar daga jikin mota gaba ɗaya, a cire ƙwayayenta, sannan kafin a yi alama a duba ramin da take zama a ciki, domin gindin LED da wayarsa suna buƙatar sarari a baya, kuma sau da yawa wurin da ya yi kyau a kan tebur yakan ci karo da ƙarfen bodi idan an zo mayarwa. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe, a bar tazarar aƙalla inci 1 tsakanin LED da ƙwan asali, kuma kan LED ya shiga cikin ɗakin sosai yadda kwanon zai kama haskensa. Wasu fitilun bango biyu gare su, na waje da na ciki, to a irin wannan ana buɗe na waje da faɗi domin a samu zaunar da LED a kan na ciki, in ba haka ba haskensa zai maƙale tsakanin bangwayen. A fara da ƙaramin rami, a riƙa faɗaɗa shi a hankali da bakin huda mai hawa-hawa, injin yana juyawa sannu, domin gudu yana narkar da roba ko ya tsaga ta. A riƙe fitilar ramin yana kallon ƙasa domin ɓarɓashi ya zubo waje, abin da ya shiga kuma a zuƙe shi ko a hure shi da iska, kada a sa yatsa ko tsumma. Bayan an ɗaure LED da robar da ta zo da shi, a zagaye bakinsa da gam na silikon irin wanda ba ya warin tsami, domin mai warin tsamin yana fitar da tururi da ke cin ƙarfe da waya. A bar shi ya bushe kwana guda, kuma kada a toshe kafofin shan iska na asali da sunan hana ruwa shiga.

Wajen haɗa waya, abin da na fi jaddadawa shi ne fitilun gaggawa su samu layinsu na kansu daga batir, kada a feɗe wayar birki ko ta fakin a saci wuta daga cikinta. A motocin zamani kwamfutar mota tana auna wutar da kowane ƙwai ke ci, kuma ƙarin kaya a kan layinta kan sa ta nuna alamar matsala, ko ta yanke layin, ko ma ta ƙone. A sa fis dab da kan batir, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta idan ta goga da bodi. Lissafin mai sauƙi ne: idan fitilu huɗu ne kowace tana cin amp 1, jimla amp 4 ke nan, fis na amp 5 ko 7.5 ya wadatar, da waya mai kaurin milimita 1.5 na murabba'i. Fitilar saman rufi da jiniya kuma kowace a ba ta nata fis ɗin ta hanyar rile. Al'adar nan ta naɗa zaren waya a madadin fis da ya ƙone ita ce musabbabin gobarar motoci da yawa, kuma a motar da ke ɗauke da oksijin da mara lafiyar da ba zai iya fita da ƙafarsa ba, ganganci ne da rai. A Hiace injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, batir ma a can ciki yake kusa da su, don haka wayar da za ta tafi baya a zura ta cikin bututun roba, a nisanta ta da salansa da wurin ajiye tukunyar oksijin, duk inda za ta ratsa ƙarfe kuma a sa mata zoben roba. A haɗa mahaɗai da dalma ko da maƙalai na matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, domin salatif yana saki a zafinmu. Wayar bodi a ɗaure ta a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa. Ga masu manyan motoci irin DAF da MAN da Howo, wutarsu volt 24 ce, fitilar volt 12 za ta ƙone nan take idan ba wadda aka rubuta tana ɗaukar duka biyun ba ce.

Ku nemi a sa muku makunni biyu, na gaba daban na baya daban, da ƙaramar alama a dashbod da ke nuna suna kunne. Ƙa'idar motocin kwana-kwana ta NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kare gobara a Amurka, ta bambanta halin neman hanya da halin tsayawa a kan hanya, ta kuma hana farin haske mai walƙiya idan mota ta tsaya, saboda yana hana masu tahowa ganin ma'aikatan da ke tsaye a ƙasa. Wannan tsari ya dace da ku ƙwarai. Fitilun kirki suna da waya ta zaɓen salon walƙiya da wata ta daidaita su da juna. A haɗa ta daidaitawar domin dama da hagu su riƙa karɓa-karɓa a tsare, hakan ne ke nuna wa na nesa faɗin motar da inda take. A zaɓi salo mai natsuwa, tsakanin walƙiya 60 zuwa 120 a minti ɗaya, a guji mai tsananin saurin nan da 'yan kasuwa ke kunnawa domin jan mai saye, domin yana rikita ido wajen ƙiyasta nisa, kuma walƙiya mai sauri tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. Idan fitilar tana da wayar rage haske, a haɗa ta da fitilar fakin domin ta sassauta da dare.

Ranar karɓar mota, ku je da direbanku da wani mutum guda. Ku gwada da rana tsaka, ku sake gwadawa bayan isha, mutum ɗaya ya tsaya kimanin mita 100 a bayan motar, direba ya kunna walƙiya ya taka birki, ya ba da sigina dama da hagu, ya sa ribas, na bayan ya faɗi abin da ya gani ba tare da an gaya masa ba. Ku ɗaga ƙofar baya ku sake dubawa. Ku watsa wa danjar ruwa da tiyo na wasu mintuna, washegari da safe ku duba ko ta yi gumi. Ku bar komai a kunne injin yana aiki, mai gyara ya auna kan batir, ya kamata mita ta nuna kusan volt 13.8 zuwa 14.4, idan ta faɗi ƙasa sosai to altanetar ba ta ɗauke nauyin ba. Sannan ku sa ya zana muku hanyar wayoyin da wurin kowane fis a takarda, ku ajiye ta tare da takardun motar da fis na canji da alwatikan gargaɗi mai ƙyalli, wanda direba zai ajiye a bayan motar duk lokacin da tsayuwar za ta ɗauki lokaci a kan babbar hanya.